Laɓe a kan wayar haske: yadda aka makantar da na'urar da aka ce asirinta ba ya satuwa

A ƙarshen watan Agustan 2010, mujallar kimiyya ta Nature Photonics ta wallafa wani rahoto da ya hana masu sana'ar tsaron bayanai barci. Wasu masu bincike shida daga Norwe da Jamus sun ɗauki na'urori biyu da ake sayarwa a kasuwa, ɗaya ta kamfanin ID Quantique na Suwis, ɗaya ta MagiQ Technologies na Amurka, suka nuna cewa ɗan hasken leza ya isa ya sa na'urorin su riƙa ganin abin da ɓarawo yake so su gani kaɗai. Waɗannan na'urori kuwa an gina su ne a kan alƙawarin cewa duk wanda ya yi musu laɓe sai asirinsa ya tonu, domin dokar halitta ce ke gadinsu, ba dabarar ɗan Adam ba.

Dokar ba ta karye ba. Kewaye ta aka yi. Labarin yadda aka kewaye ta, da yadda ake ci gaba da kewaye ta bayan kowane gyara, shi ne ainihin tarihin fasahar da ake kira rarraba mabuɗi ta kwantum, wadda ƙasar Sin da Tarayyar Turai ke zuba wa maƙudan kuɗi a yau.

Matsalar mabuɗi

Duk saƙon WhatsApp, duk kuɗin da ɗan ci-rani ya turo gida ta waya, duk wasiƙar da ofishin jakadanci ya aika wa gwamnatinsa, kulle su ake yi da wata doguwar lamba da ake kira mabuɗi. Kulle saƙon ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce yadda mutum biyu da ke nesa da juna za su mallaki mabuɗi guda ba tare da na uku ya sani ba. Tun shekarun 1970 ake warware wannan da lissafi mai sauƙin ƙullawa mai wuyar kwancewa, irin wanda kwamfuta za ta shekara dubbai ba ta gama ba.

A 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantum, ranar da aka iya ƙera ta, za ta kwance irin wannan lissafi cikin ɗan lokaci. Har yanzu ba a ƙera mai girman da zai iya hakan ba, to amma satar bayanai ba ta jiran wannan rana. Takardun da Edward Snowden ya fallasa a 2013 sun nuna cewa hukumar leƙen asirin Birtaniya ta GCHQ tana kwasar abin da ke ratsa manyan wayoyin gilashi masu ɗauke da intanet. Wayar gilashi ba ta da wuyar tatsa: in aka ɗan lanƙwasa ta, haske yakan yoyo. Wanda ya kwashi saƙo a kulle yau zai iya ajiye shi har ranar da mabuɗin zai samu.

Alƙawarin 1984

Charles Bennett na kamfanin IBM da Gilles Brassard na Jami'ar Montreal a Kanada sun gabatar da wata hanya dabam a wani taro a Bangalore na Indiya a 1984, shi ya sa ake kiran tsarin nasu BB84. A littattafan wannan fanni akan kira mai aikawa Alice, mai karɓa Bob, mai laɓe kuma Eve, wato Hauwa'u a bakin Turawa.

Alice tana aika mabuɗin ne da ƙwayoyin haske, wato foton, ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙwaya tana da yanayin karkata: ko a tsaye, ko a kwance, ko a jirkice dama, ko a jirkice hagu. Bob yana da rariya iri biyu. Ɗaya tana bambanta tsaye da kwance, ɗayar tana bambanta jirkicen dama da na hagu. In ya tari ƙwaya da rariyar da ta dace da ita, zai karanta daidai. In ya tare ta da wadda ba ta dace ba, amsar da zai samu ta caca ce, kuma asalin yanayin ƙwayar ya shafe ke nan har abada. Ba a kuma iya kwafar ƙwayar a ajiye don a gwada ta sau biyu. Wannan doka ce da masana suka tabbatar tun 1982.

Bob yana zaɓar rariya da ka. Bayan an gama, shi da Alice sukan yi magana a bainar jama'a, kowa ya faɗi rariyar da ya yi aiki da ita a kan kowace ƙwaya, ba tare da faɗin amsar ba. Inda suka saɓa su zubar, inda suka dace su riƙe. Abin da ya rage shi ne mabuɗi.

To ina Eve? In ta tsaya a tsakiya tana kama kowace ƙwaya, tana aunawa, tana tura wata a madadinta, ita ma dole ta zaɓi rariya da ka. Rabin lokaci za ta yi kuskure, kuma a rabin waɗannan kurakuran Bob zai karanta akasin abin da Alice ta aiko. Sakamakon shi ne ɗaya cikin huɗu na mabuɗin zai lalace, kashi 25 cikin 100. Alice da Bob sukan sadaukar da wani yanki na mabuɗin su kwatanta, kuma a tsarin da aka fi sani, da zarar kuskure ya haura kimanin kashi 11 cikin 100 sai su watsar da komai su sake. Eve ta sha wahalar banza, kuma an san tana nan.

A takarda babu inda wannan hujja ta yi rauni. Sai dai hujjar tana magana ne a kan na'ura marar aibi: fitilar da ke fitar da ƙwaya ɗaya tak, idon da ke ganin ƙwaya ɗaya tak, da akwatin da babu abin da ke shiga ko fita daga cikinsa sai abin da aka tsara. Babu masana'antar da ta taɓa ƙera irin wannan.

Tun ranar farko akwai kafa

A 1989 Bennett da Brassard da ɗalibansu suka haɗa na'urar farko a ɗakin binciken IBM. Tazarar Alice da Bob ba ta wuce santimita 32 ba. Brassard da kansa ya ba da labari daga baya cewa abin da ke bai wa na'urar wuta yakan yi ƙara iri-iri gwargwadon karkatar da ake aikawa, har mai kunne zai iya sauraron mabuɗin yana wucewa. Ya yi barkwancin cewa na'urar tasu ta gagari kowane mai laɓe, muddin kurma ne. An yi dariya a lokacin, amma duk hare-haren da suka biyo baya jikokin wannan ƙara ne.

Na farkon da aka ɗauka da muhimmanci ya shafi fitila. Ƙera abin da ke fitar da ƙwaya ɗaya-ɗaya yana da tsada da wuya, don haka akan ɗauki leza a dushe haskenta sosai. Mafi yawan bugunta babu komai a ciki, wasu da ƙwaya ɗaya, amma jifa-jifa sai biyu su fito tare, tagwaye masu karkata iri guda. Eve za ta iya riƙe ɗaya ta saki ɗaya, ta jira har Alice da Bob su bayyana rariyarsu, sannan ta auna tata da rariyar da ta dace. Ba ta taɓa ƙwayar Bob ba, saboda haka babu kuskuren da zai tona ta. An samo maganin wannan tsakanin 2003 da 2005: Alice ta riƙa cakuɗa bugun gaske da na tarko masu ƙarfin haske dabam, waɗanda Eve ba ta iya bambantawa. In tana tsince tagwaye, lissafin abin da ya isa wurin Bob zai nuna.

A 2008 kuma ƙungiyar Hoi-Kwong Lo a Jami'ar Toronto ta gwada wani hari a kan na'urar kasuwa. Idanun Bob biyu, mai karanta sifili da mai karanta ɗaya, ba sa buɗewa a daidai lokaci guda. Akwai ɗan saɓanin da bai kai ƙiftawar ido ba. In Eve ta jinkirta ƙwaya ko ta gaggauta ta, ta san wane ido ne ya fi yiwuwa ya gan ta. Wannan ya ba ta ɗan wani abu daga mabuɗin, ba duka ba.

Makantarwa

Harin da ya ba da duka shi ne na 2010, wanda ya fito daga ɗakin binciken Vadim Makarov a jami'ar kimiyya da fasaha ta Norwe da ke Trondheim, tare da abokan aiki daga Erlangen a Jamus. Lars Lydersen, ɗalibin digirin digirgir a lokacin, shi ne sunan farko a kan rahoton.

Idon da ke ganin ƙwayar haske guda ɗaya abu ne da aka ɗana kamar tarko. Ana ɗora masa ƙarfin lantarki har ya kai gaɓar da abu kaɗan zai sa wuta ta kwararo ta cikinsa, sai ƙwaya ɗaya ta zo ta tsinka shi. Masu binciken suka tambayi abin da masu ƙera na'urar ba su tambaya ba: me zai faru in aka haska masa haske mai ƙarfi ba ƙaƙƙautawa? Amsar ita ce ƙarfin lantarkin yakan sauka, tarkon ya kwance. Duk wanda ya taɓa tuƙi da dare babbar mota ta dalle masa fitila ya san yanayin: tauraro da ƙaramar tocila sun ɓace masa, sai abin da ya fi fitilar ƙarfi kaɗai zai gani. Idon na'urar ma bai mutu ba. Ya daina ganin ƙwaya ɗaya, amma yana amsawa in aka buga masa walƙiya da ta haura wani mizani.

A nan dabarar take. Eve ta yanke waya, ta ajiye irin na'urar Bob a gabanta, tana karanta ƙwayoyin Alice da rariyar da ta zaɓa da ka. Duk abin da ta karanta sai ta tura wa Bob, amma a walƙiya mai ƙarfi da aka auna ta daidai wa daida. In rariyar Bob ta dace da ta Eve, walƙiyar gaba ɗaya za ta faɗa ido guda, ta haura mizani, ya rubuta abin da Eve ta rubuta. In rariyarsa ta saɓa da tata, walƙiyar za ta rabu biyu, rabi nan rabi can, babu rabin da ya kai mizani, babu idon da zai motsa. Bob zai ɗauka ƙwayar ta ɓata a hanya, abin da ba zai ba shi mamaki ba, tunda dama mafi yawan ƙwayoyin a hanya suke ɓata.

Ke nan duk wuraren da Eve za ta iya jawo kuskure sun faɗi da kansu, ba su shiga lissafi ba. Abin da ya rage a hannun Alice da Bob, kowace lamba tana cikin littafin Eve. Ma'aunin kuskure, wanda shi ne ƙararrawar tsarin gaba ɗaya, bai motsa ba. Kayan aikin kuma ba na tatsuniya ba ne, duk ana samun su a kasuwa.

Rahoton 2010 ya tsaya ne a nuna cewa ana iya mallake idanun. Cikakken fashin ya fito a 2011 a mujallar Nature Communications. A harabar Jami'ar Ƙasa ta Singafo, Ilja Gerhardt da Makarov da Christian Kurtsiefer da abokansu suka haɗa Eve da ke shiga cikin akwatin tafiya, suka sa ta a tsakiyar wayar gilashi mai tsawon mita 290 da ta haɗa Alice da Bob. Na'urar da suka kai wa harin ta bincike ce, ba ta kasuwa ba, kuma nasu ce. Eve ta kwashe mabuɗin kakaf, alhali ma'aunan da Alice da Bob ke kallo suna nuna komai lafiya.

Ya kamata a lura cewa waɗannan masu kutse ba ɓarayi ba ne. Sun sanar da kamfanonin tun kafin su wallafa, ID Quantique kuma ya yi aiki da su wajen neman gyara. Abin da ya sa lamarin ya yi nauyi shi ne fasahar ta riga ta fita daga ɗakin bincike: a zaɓen Oktoban 2007 an yi amfani da ita wajen tsare layin da ke kai sakamakon ƙuri'u a Janeba, a 2010 kuma an haɗa filin wasa na Moses Mabhida da ke Durban da cibiyar kula da ayyuka ta birnin da ita lokacin gasar cin kofin duniya.

A toshe nan, ta ɓulle can

Masu binciken Toshiba a Kambirij sun mayar da martani a shekarar ta 2010 cewa in aka haɗa idon yadda ya kamata, kuma aka sa ido a kan yawan wutar da ke ratsa shi, makantarwar ba za ta yi aiki ba. Ƴan Trondheim suka amsa da wasu hanyoyin, ciki har da makantar da idon ta hanyar ɗumama shi. ID Quantique ya fito da tasa dabarar: na'urar ta riƙa rage ƙarfin ganinta lokaci-lokaci a asirce, ta duba ko amsar idon ta ragu, in ba ta ragu ba, to wani ne ke juya shi. A 2016 ɗakin binciken Makarov, wanda a lokacin ya koma Jami'ar Waterloo a Kanada, ya gwada dabarar ya nuna ana iya tsallake ta.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ƙadangare ya koyi tsaga bangon da kansa. A 2014 da 2016 an wallafa gwaje-gwajen da aka turo leza mai ƙarfin gaske ta cikin layin, ta ƙona wani sashe na na'urar. A wani gwajin, ƙaramin idon da aka sa don ya yi gadin shigowar baƙon haske shi ne ya nakasa. Na'urar ta ci gaba da aiki, sai dai ba ita ce wadda injiniyoyi suka gwada suka amince da ita ba.

Akwai kuma harin da ake laƙaba wa sunan dokin Taroya, wanda ake nazarinsa tun 2001. Eve ba ta taɓa ƙwayoyin ko kaɗan. Haskenta take turawa cikin akwatin Alice ko na Bob, ta karanta ɗan abin da ya dawo, kamar mai leƙa ɗaki da tocila ta kafar makulli, ta gane rariyar da aka ɗora. Idon Bob ma an gano cewa yakan fitar da ɗan haske baya idan ya kama ƙwaya.

Gyaran da ya fi gamsarwa ya zo a 2012 daga Lo da Marcos Curty da Bing Qi. Tunda ido ne ya fi rauni, sai suka cire shi daga gidan Bob gaba ɗaya. Alice da Bob duka su zama masu aikawa, ƙwayoyinsu su haɗu a wata tasha a tsakiya wadda ke sanar da ko sun dace da juna ko a'a, ba tare da ta san abin da ke cikinsu ba. Ko Eve ce ke riƙe da tashar, babu abin da za ta ƙaru da shi. Wannan ya kashe dukkan hare-haren ido a bugu ɗaya, amma fitilun Alice da Bob har yanzu sai an amince da su. Tsarin da ba ya bukatar a amince da kowace na'ura an gwada shi a 2022, kuma a gwajin Oksfod tazarar ɓangarorin biyu ba ta wuce mita 2 ba.

Wa ke riƙe da tsakiyar hanya?

Ko an toshe duk waɗannan, nisa na nan. A wayar gilashi, bayan kilomita 50 ƙwaya ɗaya cikin goma ce ke tsira, bayan kilomita 100 ɗaya cikin ɗari. Ba a iya ƙara mata ƙarfi a hanya kamar yadda ake yi wa intanet, domin dokar da ta hana Eve kwafa ita ce ta hana kowa. Layin da Sin ta buɗe a 2017 tsakanin Bejin da Shanghai, mai tsawon kilomita 2,000, yana da tashoshi 32, kuma a kowace tasha mabuɗin yakan sauka a bayyane kafin a miƙa shi gaba. Da irin wannan tazara, layi daga Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, zai bukaci tashoshi goma sha wani abu, kowace da ginin da za a tsare da ma'aikacin da za a yarda da shi. Mai laɓe a nan ba ya bukatar leza. Mai gadi ɗaya ya ishe shi.

Ga kuma wani giɓin da talla ba ta cika ambata ba. Ƙwayar haske ba ta gaya wa Alice cewa Bob ne a ɗaya ƙarshen. Sai an tabbatar da hakan ta wata hanyar, ko da mabuɗin da aka riga aka raba hannu da hannu, ko da lissafi. In ba haka ba Eve za ta zama Bob a wurin Alice, ta zama Alice a wurin Bob. Wanda kuma ba ya son ji, ɓarna kawai yake so, ya isa ya dagula layin har kuskure ya haura mizani, sadarwar ta tsaya.

Waɗannan dalilai ne suka sa hukumar NSA ta Amurka da cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya suka ce ba su ba da shawarar a dogara da fasahar wajen tsare sirrin gwamnati ba. A Janairun 2024 hukumomin Faransa, Jamus, Holan da Suwidin suka fitar da matsaya guda cewa ba ta nuna ba tukuna, sai a wasu keɓaɓɓun wurare. Sun fi karkata ga sabon lissafin da ake ganin kwamfutar kwantum ba za ta kwance ba, wanda hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinsa uku na farko a Agustan 2024. Wannan ba ya bukatar sabuwar waya. Signal ya sa shi a manhajarsa tun 2023, Apple ya bi a iMessage a 2024. Shi ne zai fara isa wayar mai karatu. Masu goyon bayan kwantum na da tasu amsar mai ƙarfi: lissafi zato ne cewa babu wanda zai gano hanyar kwance shi, kuma saƙon da aka sace yau ana iya buɗe shi bayan shekara ashirin, alhali mai son satar mabuɗin haske dole ya yi ta a daidai lokacin da yake wucewa.

Ga ƙasashen da saye suke yi ba ƙerawa ba, tambayar ta fi zafi. A Fabrairun 2020 aka fallasa cewa Crypto AG, wani kamfanin Suwis na daban da ya shekara da shekaru yana sayar wa ƙasashe sama da 120 injunan kulle saƙo, ya daɗe a matsayin mallakar CIA da hukumar leƙen asirin Jamus a ɓoye a can baya. Injunan ba na kwantum ba ne, amma mai sayen akwatin kwantum ma bai san abin da ke cikinsa ba sai yana da masu iya buɗewa su gwada shi da leza irin ta Trondheim.

Afirka ta riga ta shiga wannan taswira. A Satumban 2017 an yi kiran bidiyo tsakanin Bejin da Biyena, nisan kilomita 7,600, da mabuɗin da tauraron ɗan Adam na Micius ya raba. A Maris 2025 mujallar Nature ta wallafa makamancin gwajin tsakanin Sin da Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, nisan kilomita 12,900, ta wani ƙaramin tauraro mai suna Jinan-1, inda aka yi musayar hotuna a kulle. A gwaje-gwajen biyu, tauraron ya raba mabuɗi da kowane ɓangare dabam sannan ya haɗa su, ma'ana ya san duka biyun. Taurarin kuma duk na Sin ne.